Ya iya kalkil amma dikte sifiri, wai a hidda shi lakwal

Maman Nafisa:
Salamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku. Don Allah shawara nike biɗa. Akwai ɗan ƙanena da ke hannuna, shekarunshi 9, an haihe shi da tsagaggen leɓe har cikin ganɗa, an yi mishi aiki Yamai tun shina jinjiri leɓen ya rufe alhamdulillahi, ganɗar ma an ɗinke ta daga baya. To bana shekara ta biyu kenan shina CE1, kompozishon ta hito kuma mwayen ɗin dai ba ta kai ba, kalkil shina samun 7 ko 8 bisa 10 amma dikte sifiri, lektir kuwa mushe ya ce ko an tada shi tsaye ba ya buɗa baki. Ubanshi na Libiya, jiya ya turo vokal wai a hidda shi hakanan a kai shi shagon kawunshi cikin kasuwa tunda kan ba ya ɗauka. Ni dai raina bai kwanta ba. Masu irin yaran ga ƙaƙa kunka yi da lakwal?

Alhaji Ɗan Adar:
Wa alaikumus salam. Hajiya ubanai ya yi gaskiya, lakwal ba ta kowa ba ce. Yaron da ya san lissahi kasuwa ta hi mai, mu nan wa yay yi CM2 cikinmu, kuma gamu muna ci muna ciyarwa. Ki bar wahal da yaro, shekara biyu aji guda ƴan bayanai na wuce shi suna mai dariya, wanga ma cuta ce

Inna ta Wadata:
Allah sarki. Ni na ji an ce allurar barcin da ake musu wurin aiki ita ke taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ƙarami a kwantar da shi sau biyu sau uku ai dole

Majo:
Maman Nafisa kahin a kai ga maganar shago in tambaye ki. In kin kira shi ta bayanshi, ba shi ganin bakinki, shina waigowa? Shina yawan cewa iye, iye? In ana kallon tele shina matsawa kusa ko ya ƙara murya? Kunnenshi ya taɓa zubda ruwa?

Maman Nafisa:
Kai Majo kamar kana gidan. Sai an kira shi an ƙara kira, mu duk mun ɗauka kunnen ƙashi ne har kakarshi ke mishi faɗa. Ruwan kunne ya yi shi shina ƙarami, yanzu babu, amma lokacin sanyi da ƙura in majina ta kama shi abin ya hi muni, kamar ba ya cikin gida

Majo:
To ga inda za a hwara dubawa. Mutane na ganin in an ɗinke leɓe magana ta ƙare, alhali leɓen shi ne mai sauƙin ciki. Akwai wata ƴar hanya da ta taso daga bayan hanci ta shiga tsakiyar kunne, ita ke shigar da iska tana hidda ruwa, kuma naman da ke buɗe ta in mutum ya haɗiye yawu naman ganɗa ne. Yaron da anka haifa da tsagaggar ganɗa naman nan bai zauna daidai ba, ko bayan aiki ba lalle ya yi ƙarfi nan take ba, sai ruwa mai kauri ya taru bayan fatar kunne. Mafi yawan yaran nan suna yin shi suna ƙanana, wasu ya bi su har lakwal. Abin da ke ruɗin iyaye shi ne ba ciwo, ba zazzaɓi, ba mugunya, yaro na wasanshi lahiya lau. Jin ne kawai ke raguwa, kamar wanda ya yi nutso cikin tabki ruwa ya shige mishi kunne, shina jin ana magana amma kalmomin ba su fita. Kuma yau ya ji gobe bai ji ba, shi ya sa ake cewa da gangan yake.
Ki kai shi wurin likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙoshi, a leƙa kunnen a yi mishi odiyogram, wato gwajin ji. In ruwa ne kuma ya daɗe akwai ɗan bututu ƙarami da ake sa wa fatar kunnen, wanda suke ce ma yoyo, wani kuma na'urar ji ake ba shi. Likita ne zai zaɓa.

Tsohon Mushe Garkawa:
Majo ka gama magana. Ni da na ga makin ma na san ba kai ba ne. Ku duba, kalkil bisa tablo ake rubuta shi, ido ya ishe yaro, ko bai ji mushe ba zai ga 24 da 17 ya haɗa. Dikte kuwa kunne ce zalla. Mushe na yawo tsakanin tebura shina faɗa, wani lokaci ya ba yaro baya, cikin harshen da yaron bai ji gida ba, kuma Faransanci duk rigimarshi ƙananan sauti ce, le da les, un da une, é da è, ƙarshen kalma da ake haɗiyewa. Mai kunne lahiya ma kuka yake da dikte balle wanda ke jin rabi. Kuskure biyar ko goma an ba ka sifiri, ba ruwan kowa da cewa sauran kalmomin ka same su. Yaron da kanshi bai ɗauka ba zai ci 8 ga kalkil ba, wanga ko gaban inspekta zan faɗe ta.
Maman Nafisa ina yake zama cikin kilas?

Maman Nafisa:
Baba Mushe can baya ne, tunda ya ribanya aji ya hi su tsawo sai anka maida shi layin ƙarshe

Tsohon Mushe Garkawa:
Innalillahi. Yaro ba ya ji an kai shi bango.

Madam CE2:
Baba Mushe da girmanka amma kar a ɗora mana laihi duka. Ni yara sun haura 80 gabana, kilas ta zana ce bakin hanya, kabu-kabu na wucewa adaidaita na wucewa, kilas ɗin gefe suna rera tebur ɗin ninkawa muna jin su kamar cikinmu suke, ni kaina sai na yi ihu na gaba ke ji na. In uwa ba ta zo ta ce mini ɗana na da matsalar kunne ba ta ina zan sani? Iyaye sai ranar da anka ba da karne ake ganinsu, su ma faɗa ya kawo su. Kuma ba a koya mana komi kan irin yaran ga ba lokacin da muke ekol normal, ni dai ban tuna ba.
Amma in an faɗa mini wallahi ba wuya, tebur na gaba, in juyo in fuskance shi in ina dikte, in maimaita. Wanga ba ya cin ko dala.

Alhaji Ɗan Adar:
To in kunne na, a gyara kunne a kai shi kasuwa da kunnuwa biyu, ya hi jin ciniki 😂

Hadiza UAM:
Alhaji kana wasa amma bari in ba ku nawa, don ni abin a jikina yake. Da leɓe da ganɗa duka anka haihe ni, yanzu ina jami'a Yamai. Ni kunnena da sauƙi, abin da ya kusa hidda ni lakwal lektir ne. Iska na fita mini ta hanci in ina magana, b ɗina na komawa kamar m, d kamar n, s kuwa sai huci. Ranar da madam ta ce in tashi in karanta, kahin in kai ƙarshen layi wani daga baya ya toshe hancinshi da yatsu shina kwaikwayona, kilas ta fashe da dariya har madam sai da ta juya tana ɓoye tata. Daga ranan na yanke ma kaina ba ni ƙara magana cikin kilas. Na san amsa, tana bakina, in ga wadda ba ta kai ni ba ta ɗaga hannu an ce a tafa mata, ni ina zaune ina jan hijabi bisa baki. Cikin karne sai a rubuta ba ta partisipe. Wani mushe ma ya ɗauka ban iya karatu ba sam sai da ya ga takardar kompozishon ɗina ya ce wa na kwafa.
Don haka maganar wai an tada shi ba ya buɗa baki, Maman Nafisa ki zaunar da shi cikin ɗaki ku biyu, ba Nafisa ba kowa, ki ba shi littahin ki gani. Zai yiwu ya iya, zai yiwu bai iya ba don bai ji an koya ba, amma shirun da yake yi gaban yara 80 ba shi ne zai gaya miki ba.
Kuma ku yi dariya in kun so, shekarar korona da anka ce kowa ya sa mask ita ce shekarar da na hi jin daɗin lise.

Maman Nafisa:
Wayyo ɗiyata kin sa ni hawaye. Shi ma rekreyashon ba ya fita, Nafisa ta ce kullum shina cikin kilas, kuɗin da nike ba shi na beye sai ya maido su gida

Inna ta Wadata:
Allah ya isa ma yaran zamani, ba tarbiyya

Hadiza UAM:
Inna ba yara kaɗai ba, manya sun hi. Sunan da ake kirana da shi unguwa babba ce ta raɗa mini shi, yara gurinta sunka ji.

Dr Ɗan Illela:
Salam. Na karanta duka, Majo da Hadiza sun faɗi abin da ya kamata, amma ina so in ɗan ja birki don kar mu ba Hajiya tabbacin da ba mu da shi. Ba kowane yaro ne da an gyara kunne maki ke tashi ba. An yi bincike ƙasashen da ke da rajistar kowane yaro, inda aikin ma ana yin shi kan lokaci kuma kyauta. A Ingila sun duba yara ƴan shekara 5 sun ga masu tsagar, in an haɗa su jimla, suna ƙasa da sauran yara a karatu da rubutu da lissahi, wani binciken kuma ya nuna sun hi yawan fashin lakwal. A Suwidin an ga sun hi yawan gama makarantar dole ba tare da takardar kammalawa ba. Amma a lura, jimla ake nufi, cikin su akwai na ɗaya a aji, kuma tazarar ba babba ba ce.
Abu na biyu nau'in tsagar na da muhimmanci. Mai leɓe kaɗai kusan daidai yake da kowa. Wanda ya hi shan wahala mai ganɗa kaɗai ne, wanda fuskarshi lahiya lau ba mai ganewa, saboda su ne sunka hi zuwa da wata lalura haɗe, misali wadda ake kira 22q11 da ke iya taɓa zuciya da koyo. Irin waɗannan suna buƙatar taimako na daban, ba kujerar gaba kawai ba.
Inna maganar allurar barci kuma, a Danmak an bi makin jarrabawar matasa masu tsagar, sakamakon ya fito 2017, abin da sunka gani shi ne nau'in tsagar ke tafiya da makin, ba yawan aikin da anka yi ma yaro ko shekarun da anka yi shi ba. Don haka kar tsoron allura ya hana kowa kai ɗanshi aiki.

Tsohon Mushe Garkawa:
Dokta mun gode amma ni Suwidin ba ta dame ni ba, yaron ga na cin 8 ga kalkil.

Dr Ɗan Illela:
Baba ai ban musa ba, shi nashi ya hi kama da kunne da kunya. Na faɗa ne don masu karantawa shiru, gurup ɗin ga mutum nawa ne. Wata za ta kai nata a ce kunne lahiya sai ta ce to ƙarya munka yi mata, ko ta koma dukan yaro.

Abu Sabon Gari:
Ni a ganina a kai shi wurin wanzami a duba belinshi, maganar hanci yawanci beli ne, ɗan maƙwabcinmu da anka cire mishi ya warware

Majo:
A'a Abu don girman Allah. Kar wanda ya kai yaron da anka ɗinke ma ganɗa wurin wanzami. Can bayan ganɗar, wajen belin, shi ne ƙofar da ke rufe hanyar hanci in ana magana, likita ya sha wahala ya haɗa naman wurin, shi yaron naman ne ma bai ishe shi ba, kai kuma ka ce a rage. Bayan jini da ƙwayoyin cuta maganar hancin ƙaruwa za ta yi. Akwai ma yaran da ake ganin belinsu ya rabu biyu a ce a cire, alhali alama ce ta tsagar da ke ɓoye ƙarƙashin fata.

Abu Sabon Gari:
To ai tambaya ce na yi ba faɗa ba

Maman Halidu Koufan:
Wai ba shi ne ciwon nan da ke cin baki ba da ake kai yara Damagaram?

Majo:
Daban ne Hajiya. Wancan noma ne, yaro ana haihuwarshi lahiya, daga baya tamowa da ƙyanda da rashin tsabtar baki su buɗe ma ciwon hanya ya ci kunci cikin kwanaki, shi gaugawa yake so don shina kisa. Wanga kuwa tun cikin ciki ne, leɓe da ganɗa suna haɗewa cikin wata ukun farko, wani lokaci uwa ba ta ma san tana da ciki ba. A duniya ana ƙiyasta kamar jinjiri 1 cikin 700. Ba husufin wata ba ne, ba don uwa ta yi ma wani dariya ba ne, ba a kuma ɗaukarshi.

Malam na Bilbis:
Assalamu alaikum. Ni abin da zan ƙara, ina da almajiri mai irin wannan a makarantar dare, haddarshi ta hi ta sa'o'inshi nesa, sai dai wasu haruffan ba su fita, ba'un da dalun da ƙaf. Da fari ina tsayar da shi ina maimaita mishi sai na lura yaran na jira ne ya kai wurin su yi dariya, sai na koma ina karɓar nashi karatun daga ƙarshe bayan an tashi. Allah ba ya kallafa ma rai sai abin da take iyawa. Kuma Alhaji ka yi haƙuri, kasuwar ma da baki ake yin ta, yaron da ke gudun magana gaban ƴan ajinsu ka tura shi shago cikin ƴan dako da ƴan kamasho, can ne za a raga mishi?

Alhaji Ɗan Adar:
Malam ka kama ni nan. Amma ku masu cewa ORL da odiyo mi, ku faɗi gaskiya, wa zai biya? Uba na Libiya Allah kaɗai ya san abin da shike ciki, Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, kuɗin kar, masauki, abinci, a ce maka ka dawo wata mai zuwa. Talaka in ya ji rande-vu gabanai ke faɗuwa. Ni abin da nike gudu a ɗora ma baiwar Allah ga kaya ta kai tsakiya ta kasa, lakwal ba ta samu ba sana'a ba ta samu ba.

Hadiza UAM:
Alhaji wanga gaskiya ne, babana ya sai da tumaki saboda ni ba sau ɗaya ba. Amma shekara 9 fa. Shago ba gudu zai yi ba, in ya kai 15 shagon na nan, CE1 kuwa in ya bari yanzu ya bari kenan, ko sunanshi ba zai iya rubutawa da kyau ba, kuma kai kanka yanzu yaron da ke rubuta maka bashi cikin kaye da tura kuɗi ta waya ai ɗan lakwal ne

Alhaji Ɗan Adar:
Ɗiyar ga lauya kike karantawa ko

Hadiza UAM:
Jeografi 😅

Dr Ɗan Illela:
A hwara da na kusa. Ta je babbar likita ta nan Tawa a leƙa kunnen tukuna, in abin ya hi ƙarfinsu su za su rubuta mata takardar turawa. Kuma dama akwai dalilin komawa inda anka yi mishi aikin, in tsagar ta ratsa dasashi to tsakanin shekara 8 zuwa 11 ne ake cike giɓin da ɗan ƙashi kahin haƙorin fiƙa na dindindin ya fito, shi yanzu lokacinshi ne a duba. A nan za su saurari maganarshi, in iska na zurarewa da yawa wani lokaci sai an ƙara ɗan aiki bayan ganɗa, in kuma sabo ne ya yi da fidda sauti daga maƙoshi to horo yake so wurin ortofonis, wato mai koyar da gyaran magana. A Yamai likitar yara ta CURE, wadda anka buɗe 2010, suna aikin leɓe da ganɗa. Ta tahi da karnen lahiyarshi da duk wata takarda ta aikin farko. In da hali a roƙi rande-vu cikin hutu, konje na Disamba ko babban vakans, don fashin nan shi ma shina cin maki, sati biyu a CE1 an wuce darasi nawa.

Madam CE2:
Kuma Maman Nafisa kar ki tura saƙo ta bakin Nafisa, ki sa mayafinki ki je da kanki, ki hwara ganin dirakte sannan mushen, ba ranar Litinin da sahe ba lokacin kowa kanshi ya yi zahi. Ki ce likita na zargin kunne, a maido shi gaba ko da gefe ne tunda dogo ne, gefen da kunnenshi mai kyau zai fuskanci mushe. Lektir kuma ki roƙa a riƙa sauraren nashi bakin tebur lokacin da sauran ke kwafe darasi. Mu ma mutane ne, in an zo mana da mutunci muna yi.

Abu Sabon Gari:
Ko a maida shi pirive kawai, can yara ba su da yawa

Madam CE2:
Pirive ɗin ma wata 60 ne cikin ɗaki, sai dai fanka. In kunnen bai ji ba ko ina ka kai shi kuɗi ne za ka zubar.

Tsohon Mushe Garkawa:
Hajiya in kuna kusa da Garkawa ki turo mini shi bayan la'asar ranar Laraba da Asabar, da ardwaz ɗinshi da littahin lektir, jikokina ma nan suke zama. Ba ni son ko sisi. Uban kuma ki turo mini lambarshi a keɓe, tsoho in ya yi magana ana jin kunya.

Maman Nafisa:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ja kwana. Zan turo miki Madam in na je, don ban san bakin da zan hwara da shi ba

Rabi Maboya:
Salam ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na bi maganar tun daga sama. Kishiyar yayata ta haihu ko suna ba a daɗe da yi ba, jinjirar na da shi leɓe da ciki duka, in ta sha nono ta hanci yake fitowa, ba ta iya kama maman da kyau sai kuka, ta rame, uwar kuma ta ɓoye ta cikin ɗaki ko ƴan barka ba ta bari su gani. Tsohuwar gidan ta ce a bari sai ta yi wayo a kai ta. Yaushe ne ake aikin?

Majo:
Kar a jira ta yi wayo. Leɓe ana yin shi wajen wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen wata 9 zuwa 18, kahin magana ta zauna, in an makara maganar hancin ta hi wuyar gyara. Amma ba a aiki sai jinjiri ya yi nauyi, don haka yanzu abincinta ne aikin. Ba ta iya zuƙa saboda iska na shiga ta tsagar, uwar ta tatsa nonon cikin kofi mai tsabta a ba ta da ƙaramin cokali ko bakin kofin kaɗan kaɗan, a riƙe ta a zaune ba a kwance ba, a riƙa tsayawa ana sa ta gyatsa, kuma a ba ta sau da yawa don saurin gajiya take. Ɗan abin da ke fitowa ta hanci ba komi, a share a ci gaba. Kar a ba ta ruwa ko bauri. Ku kai ta CSI, wato ƙaramar likita ta unguwa, gobe a auna ta a rubuta kilo cikin karne, in tana barci da yawa ba ta farkawa shan nono ko fitsarinta ya ragu to kar ku kwana, yau ɗin nan ku tahi.

Rabi Maboya:
To Majo bari in kira yayar tawa, ita tsohuwar ke jin maganarta